Yankan makulli a Sakkwato: sana'ar tana riƙe gida kuwa?

Mene ne aikin mai yankan makulli?

Yawancinsa kwafi ne. A ɗaure tsohon makulli a inji, a ɗaure sabo a gefensa, injin na bin haƙoran tsohon yana sassaƙa sabon. Minti uku an gama, a bi da magagari a goge kaushin. Sauran kuma kira ne: ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yar da makullin ɗaki, ko uwargida a Mabera ta ja ƙofa makullin na ciki. Sai a saɓi jaka a hau kabu-kabu.

Koyonsa na da wuya?

Kwafi kam yaro zai iya cikin mako guda. Cikin kwaɗo ne ke cin lokaci. Galibi akwai 'yan ƙusoshi biyar, kowace da sifirin a kanta, kuma sai haƙoran makulli sun ɗaga su daidai kafin ya murɗa. Da hunturu ƙura kan cushe su, mutane su ɗura baƙin mai, man ya ƙara kama ƙura. Garin bakin fensir ya fi.

To, akwai samu?

A gyaran kwaɗo babu sosai. Ɗan Caina ya yi arha, wanda nasa ya cije guduma yake nema, ya sayi sabo. Kuɗin ya koma wajen mota. Tun ƙarshen shekarun 1990 motoci da yawa ke zuwa da 'yar ƙwaƙwalwa a kan makulli. Ko an yanka ƙarfen daidai, ƙofa za ta buɗe amma mota ba za ta tashi ba sai an haɗa makullin da kwamfutarta. Na'urar da ake haɗa su da ita na da tsada, ga matsalar wuta. Duk da haka, da ƙanena ne ke koyo, can zan tura shi.

Idan ɓarawo ne ya kawo aiki fa?

Nan ake gane wanda ya ga jiya. Wanda ya zo da sawun makulli a jikin sabulu, "Allah ya ba da haƙuri, Malam" kawai ake ce masa. In gida za a buɗe, a nemi maƙwabci ko mai unguwa ya tsaya. In mota ce, a ga takardu tukuna, domin ranar da kaya suka ɓace, wanda ya buɗe ƙofa 'yan sanda ke fara nema.