"Saura ƙiris" gargaɗi ne: haɗarin haɗa nokawut da albarushi a gida

Da hunturu ya shigo aka doshi bukukuwan ƙarshen shekara, sai ƙarar nokawut ta cika lunguna. Haka ma lokacin Sallah da ranakun biki. Mu ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa mun san abin da ke biyo bayan wannan ƙara: yaro da tafin hannu a saɓule, wani ido ya kumbura ya kasa buɗewa, wani kuma uwarsa ta ce tun jiya sai an ɗaga murya yake ji. Amma waɗanda ake kawo mana kaɗan ne. Mafi yawa sun sha da ƙyar, gira ta babbake ko riga ta huje, aka ce "Allah ya kiyaye", aka yi dariya, kowa ya kama gabansa. A kan waɗannan nake so mu tsaya, domin yawanci su ne ake kawo mana a karo na gaba.

Masu wannan haɗe-haɗe ba iri ɗaya ba ne. Akwai yara masu kankare kan ashana suna ɗurawa a ƙarfe, suna yin abin da suke kira bindigar ashana. Akwai samari da ke farke nokawut na kasuwa su tara garinsa wuri guda, wai don nasu ya fi na kowa ƙara, wasu ma a bidiyon waya suka gani suke kwaikwaya. Sai kuma manya, maharba da 'yan bindigar gargajiya, waɗanda ke ajiye albarushi a ɗaki, wani lokaci a ɗakin da iyali ke kwana.

Wannan gari ba kamar itace ko kananzir ba ne. Itace sai da iska yake ci, shi ya sa in ka rufe shi da ƙasa ko bargo wutar take mutuwa. Garin nokawut da albarushi kuwa suna ɗauke da abin da ke ciyar da wutarsu a jikinsu, in sun kama babu zancen rufewa, kafin ka janye hannu sun gama ci. Kuma ba lallai sai an kyasta ashana ba. Gogayya ta isa, duka ya isa. A hunturu akwai ƙarin haɗari da mutane ba sa kawowa a rai. Kowa ya taɓa cire rigar sanyi cikin duhu ya ji tana ƙas-ƙas, har ya ga ɗan tartsatsi. Busasshiyar iska ce ke sa wannan lantarki ya taru a jiki da tufafi, musamman yadin roba, kuma ɗan tartsatsin nan yana iya tayar da gari mai laushi. Idan kuma aka matse garin cikin bututun ƙarfe ko kwalba, to ba wasan wuta ake yi ba kuma. Ƙarfen ne ko gilashin zai tarwatse, ɓarɓashinsa ya shiga ido, wuya ko ciki.

A 1931 wani ma'aikacin kamfanin inshora a Amurka, Herbert Heinrich, ya bi diddigin rahotannin haɗurra a masana'antu, ya ce a bayan kowane mummunan rauni guda ɗaya akwai ƙananan raunuka 29 da kuma haɗurra 300 da ba a ji ciwo ba. Masana sun daɗe suna jayayya a kan waɗannan alƙaluma, amma abin da ke ƙarƙashinsu ya zama ginshiƙin aikin kare lafiyar ma'aikata har yau: sakacin da ya ƙona gira jiya, shi ne dai zai cire yatsu gobe. Bambancin kawai inda hannu yake a daidai lokacin.

Ku dubi Tultepec a ƙasar Meziko, garin da sana'ar wasan wuta gado ce, kaka da kakanni. Kasuwarsu ta San Pablito ta ƙone a 2005, ta sake ƙonewa a 2006. Aka sake ginawa, aka raba rumfuna, aka ce yanzu kam an gyara. Ranar 20 ga Disamba, 2016, ta sake tashi, mutum 42 suka rasu. Waɗannan ƙwararru ne da suka buɗe ido cikin sana'ar, ba yara masu gwaji a bayan gida ba. A nan gida ma, ranar 26 ga Disamba, 2012, wani ɗakin ajiyar nokawut ya fashe a yankin Jankara da ke tsibirin Legas, wuta ta cinye gine-ginen da ke kewaye, mutane da dama suka jikkata, aka yi asarar rai. Ba don wasa ba rundunar 'yan sandan Najeriya ke maimaita sanarwar hana sayarwa da harba nokawut kusan duk ƙarshen shekara.

Cikin raunukan da muke gani, wanda ya fi maimaituwa shi ne na nokawut ɗin da ya ƙi tashi. Yaro ya kunna, ya jefa, ya toshe kunne, shiru. Abokai suka fara yi masa dariya. Sai ya koma ya tsuguna, ya ɗauka, ya kawo kusa da fuska yana hura lagwanin. Wutar ba ta mutu ba, tana cin ciki a hankali. Sau da yawa yaron da aka kawo mana da wannan rauni, in ka lallaɓa shi, zai gaya maka ya taɓa yin haka a baya bai ji komai ba, ko kuma ya taɓa fashewa a ƙasa daf da ya kai hannu. Duk nokawut ɗin da ya ƙi tashi, kada a kusance shi sai bayan minti 20, sannan a kwara masa ruwa daga nesa, a jiƙa shi a bokiti kafin a zubar. Rauni na biyu da muke yawan gani shi ne na ajiye nokawut a aljihun wando, inda gogayya ke aikinta, kuma ba sai na faɗi wurin da raunin ke samu ba.

Iyaye, a nan ne nake da magana da ku. Yaron da ya san duka zai sha ba zai faɗi abin da ya faru ba. Zai ɓoye hannun cikin riga kwana biyu ko uku, sai ciwon ya ruɓe ya fara wari sannan a gane. Haka kuma ba zai nuna inda ya ɓoye sauran garin ba, wanda wataƙila yana cikin gwangwani a ƙarƙashin katifa ko kusa da murhu. In kun ga gira a babbake, ko yatsu sun yi baƙi, ko ashana na ƙarewa da wuri a gida, ku zaunar da shi ku tambaya cikin lalama: me ya faru, su wa kuke tare, ina sauran? Horo ya biyo baya in za a yi. Ku kuma sanar da iyayen abokansa, don ba shi kaɗai yake yi ba. Idan abin da kuka tarar yana da yawa, ko ba ku san abin da aka haɗa ba, kada ku girgiza, kada ku gwada kunna kaɗan don ku gani. Ku fitar da mutane daga ɗakin, ku kira 'yan kwana-kwana.

In kuma mai afkuwa ta afku, mintocin farko suna da tasiri ƙwarai. Ƙuna ruwa take so, ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi, a yi ta kwararawa har minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo tun wurin bai kumbura ba, amma tufar da ta manne da fata a bar ta. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, baƙin mai, toka, duk mun sha wanke su daga ciwo, kuma wankewar kanta azaba ce ga yaron, ga ƙwayoyin cuta da suke shigarwa. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. A rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus. Ƙuna a fuska, hannu, gaɓa ko al'aura ba ta zaman gida ba ce, komai ƙanƙantarta a ido.

Ido ya fi komai saurin lalacewa. Kada a murza, kada a danna, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya soke shi, kada a ɗiga nono ko ruwan wani ganye. A kifa ƙaramin kofi mai tsabta a kai yadda ba zai taɓa ƙwayar idon ba, a ɗaure, a nufi asibitin ido a ranar. Idan yatsa ya cire, a danne jinin da ƙyalle, a ɗaga hannun sama. Guntun yatsan a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi tare da mai raunin. Kunnen da ke zubar da jini ko ruwa bayan fashewa alama ce ta dodon kunne ya huje, kada a zuba masa mai ko ruwa, a bar shi a bushe har likita ya duba.

Masu babban rauni na hannu ko ƙuna mai zurfi, a Kano akan tura su Asibitin Ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa, na ido kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Amma a fara da asibiti mafi kusa, su tsayar da jini su ba da takardar turawa. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112, kuma kyauta ce.