Laimar kwaɗi a gindin shuka: a bar ta, a cire, ko a ci?

Na shimfiɗa garin katako da busasshen ganye a gindin shukokina, damina na kankama sai ga laimar kwaɗi. Daga ina?

Dama tana nan. Abin da ya fito sama 'ya'yanta ne kawai. Ka ɗaga shimfiɗar ka duba, za ka ga farin zare ya game ƙasan kamar saƙar gizo-gizo, shi ne ainihin jikinta. Aikinsa ruɓar da itace da ganye su koma taki, in ya samu danshi da ɗumi sai ya yi 'ya'ya.

Za ta cutar da shukar?

Galibi a'a, matacce take ci. In akwai yara masu rarrafe ko dabbobi a gidan, ka tsince ta da safe ka jefa a shara, ka rage ban ruwa. Taɓa ta ba ya kisa, ka dai wanke hannu.

To yaya ake gane ko wace iri ce?

Kada ka fizge ta, ka tono ta da wuƙa har gindi, domin babbar alama a ƙasa take ɓuya. Duba ko akwai wata jaka da ta lulluɓe gindin, ko zobe a jikin karan, da launin saƙe-saƙen da ke ƙarƙashin hular. Sannan ka yanke hular, ka kife ta a kan takarda, rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi ta kwana. Da safe za ka tarar ƙurar irinta ta zuba, kuma launin ƙurar nan yakan raba gardama.

Ga misali. Akwai wata babba, fara, mai ɓawo-ɓawo a hula, sunanta na kimiyya Chlorophyllum molybdites. Tana son filin ciyawa da lambu a ƙasashe masu zafi, kyanta kuma shi ke yaudarar mutane. Ƙurarta koriya-koriya ce. A Amurka ita ce kan gaba wajen kai masu cin laimar kwaɗi asibiti, amai da gudawa cikin awa 1 zuwa 3.

Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne ƙananan nan masu ruwan ƙasa da ke fitowa a kan ɓarɓashin itace. Wasu daga dangin Galerina suna ɗauke da irin dafin Amanita phalloides, wadda ita ke da alhakin yawancin mace-macen laimar kwaɗi a duniya. Ko masana sai sun sa madubin ƙara girma kafin su bambanta su.

Ai a ƙauye ana cin wadda ke fitowa a jikin suri.

Gaskiya ne. Termitomyces ke nan, gara ce ke nomanta a cikin suri, kuma ana cin ta a sassa da dama na Afirka. Amma masu tsinkarta sun gaji sanin, sun san wurin da lokacin. Kada ka ɗauka ta cikin shimfiɗar lambunka ita ce.

An ce in tsutsa na ci, ko in an dafa sosai, ba komai.

Ba haka ba ne. Ƙwari na cin mai dafi su tashi lafiya. Wancan dafin mai lalata hanta kuwa tafasa ba ta karya shi, suya da shanya ma haka. Manhajar waya mai duba hoto ita ma tana kuskure, kada ka jingina ranka a kanta.

In yaro ya riga ya ci fa?

A nufi asibiti nan take, ko da yana wasansa. Dafi mafi muni yakan yi shiru awa 6 zuwa 24 kafin amai ya fara, daga baya mara lafiya ya ji kamar ya warware, alhali hanta na lalacewa. Kada a tsaya ba shi manja ko madara a gida. A tafi da ragowar laimar har gindinta, a naɗe a takarda ba leda ba, a kuma gaya wa likita ƙarfe nawa aka ci.