Istoloji ba tarihi ba ne

Tun da Oktoba ya kama, watan faɗakarwa kan kansar nono, kalmar istoloji, wato nazarin naman jiki a ƙarƙashin madubin ƙara girma (mikroskof), take ta yawo a gidajen rediyon Yamai, kuma sau da yawa a karkace. Na ji wani mai fassara labarai yana cewa masu bincike suna neman “ɗakin nazarin tarihin cuta”, saboda a bakin mai Faransanci istoloji da istwar, wato tarihi, suna farawa da sauti ɗaya. Wani kuma ya ce “gwajin cutar kansa”, wanda ya fi kusa amma ya fi ɓarna, domin matar da aka ce an kai namanta istoloji za ta kwana tana zaton an riga an yanke mata hukunci.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, inda histos yake nufin masaƙa da abin da aka saƙa. Likitan Faransa Bisha, wanda ya rasu a 1802, shi ne ya lura cewa gaɓoɓin jiki haɗe suke daga ƴan nau'o'in saƙa, ya ƙirga 21 ba tare da mikroskof ba, ya kira su tisu, wato sunan nan da tela yake kiran yadi da shi a Babbar Kasuwar Yamai. A 1819 wani Bajamushe mai suna Maya ya raɗa wa ilimin suna. Istoloji ke nan: nazarin yadda aka saƙa nama, lafiyayye ne ko mai ciwo. Idan cuta ake nema a ciki, anapat likitocinmu suke cewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin bai tsaya a saƙa ba, har da rini. Ana tsoma ɗan naman cikin ruwan maganin da ake kira formol don kada ya ruɓe, a janye ruwansa da alkol, a daskarar da shi cikin kakin farafin, sannan na'urar mikrotom ta yanko shi a kaurin mikromita 3 zuwa 5, siririn da gashin kai ya ninka shi sau goma ko fiye. Yankan nan ba ya nuna komai sai an rina shi. Rinin ematoksilin, da ake samu daga wani icce na ƙasar Meziko, yana mayar da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, rinin eyozin kuma ya ba sauran launin hoda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san cewa baba ɗaya ne amma hannu ba ɗaya ba, kuma haka yake a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje: gwanin ma'aikaci ya fi na'urar wuyar samu.

Shi ya sa, a ganina, maganar labo ɗaya na haɗin gwiwa ta fi maganar kowa ya sayi nasa. Ba kowane gida yake ajiye injin niƙa ba. Ɗalibin Jami'ar Abdu Mumuni da yake duba hantar ɓera bayan ya ba shi jiƙon wani magani na gargajiya, da mai neman ƙwan tsargiya a bangon mafitsara, da likitan dabbobi, duk yanka ɗaya da rini ɗaya suke buƙata. Mikrotom da aka saya don aiki guda, idan kuɗin aikin suka ƙare, ƙura ce take gadonsa. Mai bincike a Tawa kuwa ba sai ya mallaki komai ba, illa ya sa naman cikin isasshen formol da wuri, ya rubuta bayaninsa daidai, ya aiko.

Abu ɗaya zan sassauta wa mai fassarar nan da ya ce tarihi: istoloji ma tana ajiye tarihin nama. Dunƙulen farafin yana ajiyuwa shekaru da dama ba tare da firiji ba, har a sake yanka shi a amsa tambayar da ba a yi ba lokacin da aka ɗebo naman, muddin an kare shi daga zafin watan Afrilu, wanda yake iya sa kakin ya yi laushi.