Kyamarar kwamfuta: tambayoyin da 'yan'uwa mazauna Saudiyya suka fi yi mini

Tun 2020, lokacin da korona ta mayar da karatun yara kan manhajar Madrasati, ɗan ƙaramin idon nan da ke saman laftof ya shiga rayuwar gidajenmu. Ni a Madina nake gyaran kwamfuta, kuma masu zuwa wurina yawanci ɗaliban Jami'ar Musulunci ne, da malamai masu karantar da yaran Kano da Damagaram Alƙur'ani daga nan, da iyaye mata masu son jikokinsu na gida su ga fuskarsu. Ga abin da suka fi tambaya.

Malam, sai na sauke wata manhaja kafin in ɗauki hoto ko bidiyo?

A'a. Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu mai suna Camera. Rubuta sunan a wurin bincike, in kuma kwamfutar da Larabci take, nemi al-kamira. A gefen dama akwai alamar hoto da ta bidiyo, ka zaɓi wadda kake so ka latsa. Akwai agogon jira na daƙiƙa 2 ko 5 ko 10, don ka samu ka gyara hula. Abin da ka ɗauka yana cikin Pictures, a jakar Camera Roll. Masu Mac suna da Photo Booth, su kuma ɗauki dogon bidiyo da QuickTime Player.

Duk sanda na kunna, fuskata ta yi duhu, sai fararen ido kawai ake gani. Kyamarar ce ta lalace?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin na ga mutane sun kashe riyalolin da suke tara wa iyali a kan sabuwar kyamara, alhali lafiyar tasu ƙalau. Haske ne matsalar.

Kyamarar laftof ƙarama ce ƙwarai, ita take auna hasken ɗaki da kanta ta yanke hukuncin yadda hoto zai fito. Idan ta ga abu mai ƙyalli a gabanta, sai ta rage hasken hoton gaba ɗaya don kada wancan abin ya ƙone. To duba yadda muke zama a nan: farar jallabiya, farin bango, wani ma da farin ƙyalle a ka, ga taga a bayansa da ranar Hijaz tana dukanta. Kyamara za ta yi wa fararen kayan adalci, ta bar baƙar fuska a duhu. Mu masu duhun fata wannan ya fi shafa, kuma ba a cika gaya mana ba.

Maganin ba ya cin ko halala ɗaya. Juya teburin ka fuskanci taga, hasken ya sauka a goshinka. Idan ranar ta yi ƙarfi, saki labule mai shara-shara ya tausasa ta. Sa riga mai launi, shuɗiya ko ruwan toka ko ruwan ƙasa, ka ajiye farar sai za ka masallaci. Da dare kuma, fitilar da ke tsakiyar rufi tana zuba inuwa cikin kwarmin ido, don haka ka ajiye wata 'yar fitilar tebur a bayan laftof ɗin, sama da kai kaɗan. In ta yi maka kaifi, juya ta ga bango hasken ya dawo maka a hankali. Sannan ka ɗora laftof ɗin kan littattafai uku ko huɗu har kyamarar ta zo daidai da idonka. Mu masu zama a ƙasa bisa darduma muna ajiye ta a cinya, sai ɗalibi ya ƙare darasi yana kallon haɓar malam da fankar sama.

Kar ka manta da ƙura. Shafa gilashin da tsumma mai laushi, irin na goge tabarau. Sau da yawa hazon da ake gani a hoto maiƙon yatsa ne.

Ina karantarwa bayan Isha'i, sai in ga wasu layuka suna yawo a hoton.

Na gane, domin awa biyu muke gaba da Najeriya, dole darasin ya faɗa cikin dare, ƙarƙashin lantarki. Wutar Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan sau 50. Wasu fitilu suna ƙyaftawa bisa wannan juyin, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Idan an saita ta a kan 50, kamar yadda akan samu a laftof ɗin da aka taho da ita daga gida, layukan sai su fito. Shiga saitin Camera, nemi Flicker reduction, mayar da shi 60 Hz. Ranar da ka koma Kano hutu ka mayar 50.

Ɗalibaina sun ce suna ganina amma ba sa rarrabe haruffa.

Ga mai koyar da tajwidi, murya ta fi hoto daraja nesa ba kusa ba. Yaro zai iya haƙuri da hoto mai hazo, amma in bai ji bambancin sadi da sinun ba, darasin bai yi ba. Makirfon laftof yana kwasar duk abin da ke ɗaki, kuma babban abokin gabarsa a ƙasar nan mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, musamman irin na taga mai gurnani. Sanyaya ɗakin tukuna, ka kashe shi lokacin ɗauka in za ka iya jurewa, ko ka matsa nesa da shi. Iyafis ɗin waya mai igiya, wanda makirfonsa ke kusa da baki, yana gyara abin sosai. Ɗaki mai kafet da labule da matasai ya fi ɗakin tayil zalla, wanda murya ke amsa-kuwwa a cikinsa.

Na ɗaga Mushafi in nuna aya, sai na ga rubutun a juye.

Kai kaɗai kake ganinsa haka. Zoom da Google Meet suna nuna maka kanka kamar a madubi, amma na wancan gefen suna ganin rubutun daidai. A Zoom kana iya cire alamar Mirror my video hankalinka ya kwanta.

In sayi kyamara ta daban ne?

Gwada abin da na faɗa kan haske tukuna. Yawancin laftof, musamman tsofaffin da ake saye a haraji, wato kasuwar gwanjo, kyamararsu 720p ce, wato ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, bai ma cika megafiksel ɗaya ba. Ta 1080p tana da kusan biyu. Idan karantarwa ce sana'arka, irin Logitech C920 da ake samu a shagon Jarir za ta yi maka shekaru. Amma wayar da ke aljihunka ta fi su duka ido, kuma manhaja irin DroidCam ko Iriun tana mayar da ita kyamarar kwamfuta. Kyamarar kwamfuta ta farko da aka yi a duniya, a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1991, tukunyar gahawa kawai aka sa ta gadi, don ma'aikata su san ko da saura kafin su taso.

Zan iya ɗaukar hoton fasfo da ita?

Ban ba ka shawara ba. Kyamarar tana kusa da fuska, tana ƙara girman hanci da goshi, ga ƙarancin ɗigo. Takardun hukuma ba wurin gwaji ba ne, je situdiyo.

Na ɗauki wa'azin minti goma, ya ƙi tafiya gida.

Bidiyon 1080p a ma'aunin da YouTube ke so yana cin kimanin megabayit 60 a minti, ka ga minti goma ya kai 600. Kai kana da waifai, amma ka tuna da wanda zai sauke a Haɗeja da datar da ya saya da guminsa. Rage ingancin zuwa 720p a saitin Camera kafin ka fara, ko ka matse fayil ɗin da HandBrake, kyauta ce. Idan muryar ce abin buƙata, aika murya kawai.

Wata Hajiya daga Jidda ta ce: gaskiya ne ana iya leƙen mutum ta kyamarar bai sani ba? Ina da 'yan mata a gida.

Gaskiya ne, Hajiya, kuma tsoronki yana kan hanya. Akwai muguwar manhaja da ke shiga kwamfuta ta hanyar fayil ɗin da aka turo ko manhajar sata da aka sauke, ta bai wa wani can nesa ikon kunna kyamara. 'Yar fitilar da ke gefenta takan kama idan tana aiki, amma a 2013 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun nuna ana iya kashe ta a wasu tsofaffin MacBook. Shi kansa mai Facebook, Mark Zuckerberg, an ga tef manne a kyamarar laftof ɗinsa cikin wani hoto a 2016.

Mace a ɗakinta ba lulluɓe take ba, don haka ki rufe idon kyamarar. Wasu laftof suna da ɗan murfi da ake turawa, in babu ki manna guntun takarda mai gam, siririya, don mai kauri yana iya fasa gilashi in an rufe. An gama darasi, a kife laftof ɗin. Ki sa wani ya shiga Settings, sashen Privacy, ya duba manhajojin da aka bai wa izinin kyamara, ya cire wanda ba ku sani ba.

Sai kuma mu kanmu. Kafin ka latsa ɗauka, waiwaya ka ga wa ke wucewa a bayanka, kuma kada ka naɗi hira da mutum sai ya yarda. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamara ko ya yi masa barazana don ya karɓi wani abu. Idan wani ya tsorata 'yarki da hoto, kada a biya shi, kada a goge saƙonninsa, kada kuma a rufe yarinyar da faɗa har ta ɓoye sauran. A adana shaidar, a kai ƙara ta manhajar Kollona Amn ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.