Dokar ƙunar daji ba don makiyaya aka yi ta ba

Tun da hunturu ya kama ake ta yawo da wata magana daga unguwar Aboabo har kasuwar shanu ta Kaase a birnin Kumasi na Gana, wai an fito da sabuwar doka don kama makiyaya, wai duk wanda aka ga hayaƙi a gonarsa sai gidan yari. Jama'a, ba haka zancen yake ba.

Dokar ta daɗe. Dokar hana ƙunar daji ce mai lamba PNDCL 229 ta 1990, wadda ta gaji ta 1983, shekarar da fari da gobara suka cinye gonakin koko da na abinci har yunwa ta shigo Gana. Ba ta ambaci ƙabila ba. Manomi, maharbi, mai gawayi, makiyayi, duk ta hau kansu.

Abin da ta haramta shi ne mutum ya yi sanadin wutar da ta ƙwace, ta ci gona ko kurmi ko filin ciyawa. A nan mutane ke ruɗewa. Sakamakon take dubawa, saboda haka wanda ya cinna wuta don korar gafiya, iska ta kai ta gonar maƙwabci, ya shiga ciki. Ta kuma bar ƙofa: hukumar malaman gona na iya ba da izinin ƙuna don gyaran makiyaya, muddin aka tsare wutar a iyakarta. Hukuncin karon farko tara ne, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun.

Na san abin da makiyayi ke nema: tohon da ke fitowa kore shar bayan ƙuna, lokacin da shanu suka rame. Amma tohon nan daga ajiyar saiwa yake fitowa, in shanu suka kalashe shi nan take saiwar ta raunana. Naitirojin ɗin da ke cikin busasshiyar ciyawa, sinadarin da ke ciyar da tsiro, ya bi hayaƙi, tokar kuma iska ta kwashe. Ruwan farko ya tarar da ƙasa tsirara, ya wanke ta ya wuce bai nutse ba. Baɗi ciyawar ba za ta kai ta bana ba.

Don haka ina bayan dokar. Abin da ke damuna shi ne izinin. Mai garke a dajin Drobonso ko bayan Ejura, can cikin karkarar yankin Ashanti, ina zai ga jami'in da zai ba shi? In wuta ta tashi kuwa, rugarsa ake fara nunawa tun ba a bincika ba.