Me Ya Sa Sarakunan Ingila Suka Yi Ta Rabon Filaye a Amurka?

Wace irin kyauta ce wannan?

Takarda ce da sarki ke sa wa hannu, ya mallaka wa kamfani ko wani na hannun damansa yanki a ƙasar da shi kansa bai taɓa takawa ba. A 1606 Sarki James na ɗaya ya ba Kamfanin Virginia irinta, shekara na zagayowa aka kafa garin Jamestown a yankin Virginia.

To shi sarkin, mece ce ribarsa?

Ƙasarsa ta faɗaɗa, baitulmalinsa bai ji komai ba. Jirgi, guzuri da asarar rai duk suna wuyan wanda aka bai wa. Filin kuma in ya cika da Turawan Ingila, Faransa da Sifaniya ba su da bakin cewa nasu ne. Har bashi an biya da shi: a 1681 Charles na biyu ya ba William Penn yankin Pennsylvania, a madadin kusan fam 16,000 da mahaifin Penn ke bin gidan sarauta. Wanda aka mallaka wa yankin Maryland kuwa, a takardar 1632, abin da aka ɗora masa duk shekara kibiya biyu ce a kai fadar Windsor, sai kashi ɗaya cikin biyar na zinariya da azurfa in an samu.

Talaka fa, ya samu rabonsa?

Nan ne gizo ke saƙa. Abin da Virginia ta rasa mutane ne, fili kam ga shi nan har ya yi yawa. Sai a 1618 aka ce duk mutum ɗaya da aka kawo, ladansa eka 50. Amma ekar ta wanda ya biya kuɗin jirgi ce, wanda aka ɗauko bai da ko taki ɗaya a ciki. Attajiri ya kawo mutum 20, ya tashi da eka 1,000, ga kuma 'yan ƙwadago da za su yi masa noman taba shekara huɗu zuwa bakwai kafin su fanshi kansu. Daga baya har bayin da aka kawo daga Afirka aka riƙa ƙirgawa ana karɓar eka a kansu. Akwai sharaɗi, ba a ce babu ba: ka gina ko ka nome cikin shekara uku, ka biya sule ɗaya duk shekara a kan eka 50. Masu hali ba su sha wahalar kewaye shi ba.

Babu masu ƙasar ne?

Akwai, mutanen Powhatan, da gonakinsu na masara. Taba tana saurin gajiyar da ƙasa, don haka kullum baƙin sai ƙara kutsawa suke yi bakin kogin James. A Maris ɗin 1622 Opechancanough, wani shugaban mutanen Powhatan, ya jagoranci farmakin da ya kashe baƙi 347. A 1624 sarki ya soke takardar kamfanin ya karɓe Virginia, rabon eka kuma ya ci gaba.