New York Yankees: daga ina kofuna 27 suka fito, kuma me ya tsayar da su?

Hular nan mai haruffan N da Y a sarƙe, ta wace ƙungiya ce?

Ta New York Yankees ce, ƙungiyar wasan beisbol da ke unguwar Bronx a birnin New York na Amurka. Hular ta cika kasuwanninmu daga Kano har Zinder, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa kallon wasan. Ga yadda yake a taƙaice: kowane ɓangare mutum tara ne, mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya make ta da sanda, sannan ya zaga tashoshi huɗu ya dawo inda ya tashi, maki ɗaya ke nan. Idan ƙwallon ta tsallake katangar fili, shi ake kira hom-ron. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar MLB, kowacce tana buga wasa 162 a kaka guda, sannan a shiga zagayen fitar da gwani har zuwa World Series, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai yake ɗaukar kofi. Yankees ta ɗauke shi sau 27. Mai bi mata, St. Louis Cardinals, sau 11 ta ɗauka.

Tun farko ta fi kowa ƙarfi?

Ko kusa. Ta fara wasa a 1903 da sunan Highlanders, sai a 1913 sunan Yankees ya tabbata. Ta shafe shekaru ba ta ci komai ba, har filin wasa haya take yi a wurin maƙwabciyarta New York Giants. Abin ya fara canzawa da attajiri Jacob Ruppert da abokinsa Tillinghast Huston suka saye ta a 1915. A ƙarshen 1919 suka biya Boston Red Sox dala 100,000 suka karɓo Babe Ruth. A kakarsa ta farko, 1920, Ruth ya buga hom-ron 54, shi kaɗai ya fi abin da kowacce daga cikin sauran ƙungiyoyin American League, rukunin da Yankees ke ciki, ta tara. Jama'a suka yi ta tururuwa, 'yan kallo suka haura miliyan ɗaya a shekarar, ɗan haya ya fi mai gida kasuwa. Yankees ta gina filinta, ta buɗe shi a Afrilun 1923, kuma a wannan shekarar ta doke Giants ɗin ta ɗauki kofinta na farko.

Wane lokaci ne ta fi haskawa?

Daga 1923 zuwa 1962. Kofuna 20 cikin 27 ɗin nan duk a wannan tsakanin aka ci su. Akwai huɗu a jere daga 1936 zuwa 1939, da biyar a jere daga 1949 zuwa 1953 a hannun koci Casey Stengel, abin da babu ƙungiyar da ta sake yi. Joe DiMaggio ya yi wasa 56 a jere a 1941 bai rasa bugu mai kyau ba, Roger Maris ya buga hom-ron 61 a 1961, Yogi Berra ya ɗauki kofi goma yana ɗan wasa.

Wanda ya fi taɓa min zuciya a cikinsu Lou Gehrig ne. Ya buga wasa 2,130 a jere bai taɓa fashi ba, da ciwo da lafiya. A 1939 jikinsa ya fara ƙin biye masa, shi da kansa ya je wurin koci ya ce a cire shi, don yana ganin yana jawo wa ƙungiya baya. Likitoci suka gano cutar jijiyoyi ce mai shanye jiki, wadda har yau Amurkawa ke kira da sunansa. Ya rasu a 1941 yana da shekara 37.

Me ya ba ta damar mamaye gasar haka?

Gwanaye na gaske ta tara, wannan ba a musunsa. Amma tsarin lokacin ya taimaka mata matuƙa. Duk yaron da ya nuna baiwa, ƙungiyar da ta fi kuɗi da suna ce ke riga kowa zuwa gidansu. Kuma wanda ya ƙare kaka a saman rukuninsa kai tsaye yake wucewa World Series, babu wani siraɗi a tsakani. A 1965 aka kawo tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa, inda ƙungiyar da ta fi shan kashi ke fara zaɓa. A 1966 Yankees ta ƙare a ƙasan teburi.

Akwai kuma laifin da ta jawo wa kanta. Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launin fata a Brooklyn Dodgers tun 1947, amma Yankees ba ta saka baƙar fata a fili ba sai 1955, da zuwan Elston Howard. Shekara takwas tana kallo wasu ƙungiyoyi na kwashe gwanaye. A ganina wannan tabo ne da kofuna ba sa gogewa.

Wane ne George Steinbrenner, da ake yawan ambata?

Ɗan kasuwar jiragen ruwa ne da ya jagoranci sayen ƙungiyar daga kamfanin CBS a 1973, a kan kusan dala miliyan 10. Mutum ne mai zafin rai da buɗaɗɗen aljihu. Koci ɗaya, Billy Martin, sau biyar yana naɗa shi. Ya sayo Reggie Jackson, wanda ya buga hom-ron uku a wasan ƙarshe na World Series ta 1977, aka sake ɗaukar kofi a 1978. Daga nan sai fari ya sauka. Ya yi ta zuba kuɗi kan manyan sunaye duk tsawon shekarun 1980, ba a ga kofi ba.

To ashe ba kuɗi ne ke ci mata kofi ba?

Kuɗi na da rawarsu, amma dubi yadda aka gina ƙungiyar da ta ci 1996, 1998, 1999 da 2000 a hannun koci Joe Torre. An dakatar da Steinbrenner daga harkar ƙungiyar tsakanin 1990 da 1993. A wannan lokacin manaja Gene Michael ya samu sararin renon matasa maimakon a yi musanyarsu da tsofaffin taurari. Daga nan aka samu Derek Jeter, Andy Pettitte, Jorge Posada da Mariano Rivera ɗan ƙasar Panama, mai jifan da ake kira ya rufe wasa, wanda ya tsare nasara sau 652. Ƙungiyar 1998 ta ci wasa 114 cikin 162. Aljihun mai gida ya riƙe su bayan sun yi tsada, amma renon gida ne ya samar da su.

Ina batun gabarta da Boston?

Tun cinikin Ruth take. Boston ta ɗauki kofi a 1918, ba ta sake gani ba sai bayan shekara 86. A 2004 Yankees na gaba da wasa uku da nema a zagayen kusa da na ƙarshe, saura ɗaya ta wuce, sai Boston ta ci huɗu a jere. Ba a taɓa yin haka a tarihin gasar ba.

Yanzu wane hali take ciki?

Kofinta na ƙarshe na 2009 ne, shekarar da ta koma sabon filinta, ta doke Philadelphia Phillies, ɗan Japan Hideki Matsui ya zama gwarzon World Series ɗin. Tun daga nan kusan kowace shekara tana cikin masu ƙarfi, kuma kyaftin ɗinta Aaron Judge ya buga hom-ron 62 a 2022, ya goge tarihin Maris na rukunin American League. Sai dai yanzu ƙungiyoyi 12 ke shiga zagayen fitar da gwani, kuma mako guda na rashin sa'a ya isa ya rusa aikin wata shida. Ba ita kaɗai ce mai kuɗi ba kuma. A 2024 ta kai World Series, Los Angeles Dodgers ta doke ta da wasa huɗu da ɗaya. A wasa na biyar Yankees na gaba da ci biyar da nema, kurakuran tsaron fili a zagaye guda suka zubar da ratar, aka tashi 7 da 6. Makonni kaɗan bayan haka, tauraronta Juan Soto ya koma maƙwabciyarta New York Mets a kan kwantiragin shekara 15 na dala miliyan 765.